Me Ya Sa Jira a Kan Layin Waya Yake da Nauyi, Kuma Yaya Ake Rage Masa Kaifi?

Duk wanda ya taɓa kiran banki, ko kamfanin sadarwa, ko kamfanin jiragen sama, ko wata hukuma domin a warware masa matsala, ya san wannan ɗan tsakanin da ke raba muryar na'ura da muryar mutum. An gama umartarsa ya danna ɗaya ko ya danna biyu, an shaida masa cewa dukkan ma'aikata suna tare da wasu masu kira, sannan an sakar masa kiɗa a kunne an tafi an bar shi. Daga nan ba ya cikin magana, ba kuma ya cikin hutu. Idan ya ajiye wayar yana tsoron a ɗauka ba ya kusa, idan ya ci gaba da riƙe ta kuma aikinsa ya tsaya, ga shi bai san ko minti biyu suka rage ba ko arba'in. Minti goma a irin wannan hali sun fi minti goma na kowane wuri tsawo, kuma akwai dalilin hakan.

Lamarin bai tsaya ga ƙorafin mutum ɗaya ko biyu ba. A shekarar 2024 ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya bayyana cewa mutanen da suka kira hukumar harajin ƙasar a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023 sun kwashe kimanin awa miliyan 7 suna jira a kan layi, wanda idan aka haɗa shi wuri ɗaya ya kai shekara 798. Wannan hukuma ɗaya ce, a ƙasa ɗaya, cikin shekara ɗaya.

Domin a fahimci yadda za a sauƙaƙa wannan jira, sai an raba abubuwa biyu da mutane suka saba cakuɗawa. Akwai tsawon jiran, wanda lissafi ne yake yanke shi, kuma da zarar an shiga layi babu abin da mai kira zai iya yi a kansa. Akwai kuma nauyin jiran, wato yadda zuciya take jinsa, wanda ya dogara ne ga yawan hankalin da jiran ya ƙwace wa mutum da kuma yawan abin da aka bar shi bai sani ba. Na farko ana maganinsa ne tun kafin a buga lambar, na biyu kuma ana maganinsa ne ana cikin jiran.

Lissafin ya girmi dukkan cibiyoyin amsa kira da ake da su yau. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak mai suna Agner Krarup Erlang, wanda ya yi aiki da kamfanin tarho na birnin Kopenhagen, shi ne ya fara nazarin yadda kira yake shigowa, a wata takarda da ya wallafa a 1909, sannan a 1917 ya fitar da ƙa'idojin da har yanzu ake amfani da su wajen ƙiyasta yawan layuka ko ma'aikatan da ake bukata. Abin da ya gano a taƙaice shi ne, kira ba ya zuwa a jere daki-daki kamar bugun agogo. Yakan zo ne a tarwatse: wani lokaci shiru, wani lokaci biyar a tare. Haka nan tsawon kowane kira ya bambanta, domin wani tambaya ɗaya zai yi ya tafi, wani kuma matsalarsa sai ta ci rabin awa. Saboda wannan rashin daidaito, ko da ma'aikata sun isa a matsakaicin lissafi, dole ne layi ya riƙa taruwa lokaci zuwa lokaci.

Abin mamakin yana cikin yadda layin yake girma. A ɗauka ma'aikaci ɗaya ne yake amsa kira, kowane kira yana cin minti biyar a matsakaici, kiran yana shigowa a tarwatse, kuma babu mai gajiya ya katse. Idan rabin lokacin ma'aikacin ne yake cike da aiki, matsakaicin jira minti 5 ne. Idan aikin ya cinye kashi 80 cikin ɗari na lokacinsa, jiran ya zama minti 20. A kashi 90 ya zama minti 45, a kashi 95 kuma ya zama minti 95. Wato ƙarin aiki kaɗan a kusa da ƙarshen iyawar ma'aikaci yana ninka jira ninkin ba ninkin. Manyan cibiyoyi masu ɗaruruwan ma'aikata a kan layi ɗaya sun fi haka jurewa, domin da wuya a ce kowa ya maƙale da doguwar matsala a lokaci guda, amma siffar abin ɗaya ce: komai yana tafiya lafiya har sai an kusa cika, daga nan sai jira ya yi tashin gwauron zabi.

Wannan lissafi yana bayyana abubuwa biyu da ke ɗaure wa masu kira kai. Na farko shi ne dalilin da ya sa mutum zai kira yau a ɗauka nan take, gobe kuma ya kira lamba ɗaya ya shafe rabin awa, alhali yawan masu kiran bai ninka ba, ɗan ƙaruwa kawai ya yi. Na biyu shi ne wannan saƙo da ake yawan saka wa mutane cewa ana fuskantar kira fiye da yadda aka saba. Idan ana jin saƙon nan kullum, safe da yamma, to ba wani abin ba-zata ba ne ya faru, shawara ce kamfanin ya yanke game da yawan ma'aikatan da zai ɗauka. Albashi shi ne mafi girman abin da cibiyar amsa kira take kashewa, don haka kowane manaja yana so ya ga ma'aikatansa ba sa zaune hannu rabbana, alhali wannan ɗan zaman da yake gani kamar asara shi ne yake hana layi taruwa. Akwai wani ma'auni da ya shahara a wannan sana'a, na amsa kashi 80 cikin ɗari na kira a cikin daƙiƙa 20, amma buri ne da kamfani yake ɗora wa kansa, ba doka ba ce, kuma bai ce komai ba game da sauran kashi 20 ɗin, waɗanda za su iya daɗewa iya daɗewa ba tare da ma'aunin ya nuna wata matsala ba.

Amfanin sanin wannan ga mai kira a fili yake. Tunda ɗan ragin cunkoso yana rage jira sosai, zaɓen lokacin kira ya fi duk wata dabara da za a yi bayan an shiga layi. Safiyar ranar farko ta aikin mako ita ce aka fi sani da cunkoso, domin matsalolin da suka taru a kwanakin hutu a ranar suke sauka gaba ɗaya. Haka nan ranar da ta biyo bayan dogon hutu, da lokacin hutun tsakar rana da ma'aikatan wasu wurare suke samun sararin kira, da kwanakin da kamfani ya aika wa mutane takardun biyan kuɗi, da kuma lokacin da wata babbar matsala ta shafi kowa, kamar ɗaukewar sabis ko soke tashin jirage. A irin wannan lokaci na ƙarshe, idan bukatar ba ta gaggawa ba ce, kiran ma ɓata lokaci ne, domin ma'aikacin ba shi da wata amsa da ta wuce wadda aka riga aka sanar. Tsakiyar mako, ko mintunan farko bayan buɗe layi kafin jama'a su taru, sun fi sauƙi a mafi yawan wurare.

Akwai kuma kurakurai biyu da ke tsawaita jira ba tare da mai kira ya lura ba. Ɗaya shi ne katse kira a sake bugawa da fatan a dace. Yawancin layukan nan wanda ya riga zuwa shi ake fara amsa wa, don haka wanda ya katse ya koma ƙarshen layi, kuma duk mintunan da ya riga ya bayar sun tafi a banza. Ɗaya kuma shi ne gaggawa wajen zaɓen lamba a farkon kira. Waɗannan tambayoyi na danna kaza domin kaza su ne suke raba masu kira zuwa sassa, kowane sashe da layinsa da ma'aikatansa. Wanda ya danna kowace lamba don kawai ya kai ga mutum, sau da yawa yakan faɗa hannun ma'aikacin da ba shi da ikon taɓa matsalarsa, sai a tura shi wani sashe, ya yi jira biyu maimakon ɗaya. A wasu layukan danna sifili yana kai mutum ga ma'aikaci kai tsaye, a wasu kuma yana mayar da shi farko ne kawai.

Wannan ke nan game da tsawo. Batun nauyi kuwa ya fi zurfi, kuma a nan ne mai kira yake da ƙarin iko.

A 1985 wani malamin harkokin kasuwanci mai suna David Maister ya rubuta wani nazari a kan yadda mutane suke jin jira, wanda har yau ake komawa gare shi. Daga cikin abin da ya lissafa akwai cewa lokacin da mutum ba ya yin komai ya fi lokacin da yake da abin yi tsawo a zuciya, cewa jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi wanda aka san iyakarsa tsawo, cewa jiran da ba a yi bayanin dalilinsa ba ya fi ciwo, cewa fargaba tana ƙara masa tsawo, haka ma jin cewa ba a yi adalci ba, kuma jiran mutum shi kaɗai ya fi na cikin jama'a wuya. Idan aka auna jiran waya da wannan jeri, sai a ga ya tattara kusan dukkansu. Wanda yake tsaye a layi da ƙafarsa yana ganin mutanen da ke gabansa, yana ganin layin yana motsi, yana ganin ma'aikacin yana aiki, yana iya yin magana da na kusa da shi. Wanda yake kan waya makaho ne a layi: bai san ko shi ne na uku ko na ɗari ba, bai ma tabbata har yanzu yana cikin layin ba.

Wasu masu bincike biyu a Isra'ila, Nira Munichor da Anat Rafaeli, sun gwada wannan kai tsaye a wani nazari da aka wallafa a 2007. Sun kwatanta abin da ake cika lokacin jira da shi a waya: kiɗa, ko ban haƙuri, ko sanar da mai kira matsayinsa a layi. Waɗanda aka riƙa gaya wa matsayinsu su ne suka fi ƙarancin katse kira, kuma su ne suka fi gamsuwa. Bayanin da suka bayar shi ne, abin da yake sanyaya ran mai jira ba wai a ɗauke masa hankali daga agogo ba ne kawai, a'a, ya ji yana matsawa gaba ne. Wannan ya kamata ya zama darasi ga masu tsara waɗannan layuka, domin a ganina babu abin da ya kai ban haƙurin da ake maimaitawa duk bayan rabin minti ɓata rai. Kiɗan yana tsayawa, a ji ɗan ƙaras, murya ta fito, mai kira ya zabura ya gyara zama yana shirin gaisuwa, ashe na'ura ce take sake tabbatar masa cewa kiransa yana da muhimmanci. Kowane irin wannan katsewa ƙaramin alkawari ne da aka saɓa, kuma yana tilasta wa mutum ya dawo da dukkan hankalinsa kan wayar bayan ya fara sakin jiki.

A nan ne asalin nauyin yake. Jiran waya ba zama ba ne kawai, gadi ne. Kunne yana tsaye yana tsaron wata alama da ba a san lokacin zuwanta ba, kuma wadda idan ta zo aka yi jinkirin amsawa na 'yan daƙiƙu, ma'aikacin zai ɗauka babu kowa ya katse. Irin wannan tsaro yana gajiyar da mutum fiye da aikin da ake yi da ƙarfi, domin ba ya barin hankali ya zauna a kan komai.

Shi kansa kiɗan yana da tarihinsa. Ana danganta shi ga wani mai masana'anta a Amurka, Alfred Levy, wanda a farkon shekarun 1960 ya gano cewa wata waya da ta kwance ta taɓa ƙarfen gininsa, har masu kiran da aka ajiye a layi suka riƙa jin shirin wani gidan rediyo da ke kusa. Ya mayar da wannan kuskure sana'a, ya sami rajistar mallakar fasahar a 1966. Amfanin kiɗan na gaskiya ba nishaɗi ba ne, shaida ce cewa layin bai yanke ba, domin shiru a waya yana sa mutum ya riƙa cire ta daga kunne yana duba ko kiran yana nan. Dalilin da ya sa kuma yake fita a shaƙe, kamar daga cikin gwangwani, shi ne layin tarho an gina shi ne domin magana. Sautin da yake ɗauka ya tsaya ne tsakanin kaɗawa 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa ɗaya, alhali lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga kusan 20 har zuwa 20,000. Ƙasan kiɗan da samansa duk an yanke su. Wayar salula kuma tana ƙara matse sautin da dabarun da aka ƙera domin muryar mutum, har wani lokaci tsarin rage hayaniya yakan ɗauki kiɗan a matsayin hayaniya ya riƙa danne shi, shi ya sa ake jin yana ɓacewa yana dawowa.

Idan an gane cewa gadin ne yake gajiyarwa, sai maganin ya fito da kansa: a rage abin da gadin yake ci. Mataki na farko shi ne a raba wayar da hannu da kuma kunne, a buɗe lasifikarta a ajiye ta kusa, ko a saka iyafis a kunne ɗaya, sannan a rage ƙarar zuwa inda za a iya bambance kiɗa da muryar mutum ba tare da kiɗan ya cika ɗaki ba. Wannan kaɗai yana mayar da jiran daga abin da ake yi zuwa abin da yake gudana a gefe.

Mataki na biyu shi ne zaɓen abin da za a yi, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure. Aikin da ya dace da jiran waya shi ne wanda hannu ko ido suke yi ba tare da bukatar harshe ba, kuma wanda za a iya saki nan take ba tare da asara ba: ninke tufafi, gyara tebur, share tsofaffin hotuna daga waya, jera takardu, miƙe gaɓoɓi, ko kai-komo a cikin ɗaki. Karatu mai nauyi, da rubuta wasiƙa mai muhimmanci, da sauraron wani shiri, duk suna neman wannan ɓangare na hankali da yake tsaron murya, don haka sai mutum ya karanta layi ɗaya sau uku bai fahimta ba, ya ƙare bai yi karatun ba bai kuma huta ba. Tuƙi ba ya cikin lissafi ko kaɗan, domin a daidai lokacin da za a ɗauki kiran za a nemi lambobi da bayanai, kuma hankalin da ya rabu a kan hanya haɗarinsa ya wuce na kowace matsalar da ta sa aka yi kiran. Wanda ya kashe makirufo domin kada a ji abin da yake yi, sai ya tuna ya kunna shi, domin an sha yin jiran rabin awa a rasa shi a daƙiƙa goma saboda ma'aikaci yana ta sallama ba ya jin amsa. Kashe makirufon kuwa yana da wani amfani: a wasu tsare-tsaren, naɗar kiran da aka sanar tun farko tana ci gaba har a lokacin da aka ajiye mutum, don haka abin da ya faɗa cikin fushi yana iya shiga faifai.

Amma aikin da ya fi kowanne dacewa da wannan lokaci shi ne shirya kiran kansa. A ɗauko takarda a rubuta matsalar a cikin jimla biyu, a rubuta ranar da ta faru da adadin da ya shafa, a ajiye lambar asusu ko lambar ciniki a gaba, sannan a rubuta abin da ake so a yi: a mayar da kuɗi ne, ko a gyara, ko a soke, ko bayani kawai ake nema. Wanda ya yi haka ya mayar da jiran wani ɓangare na warware matsalar, kuma wannan shi ne jin matsawa gaba da binciken can ya nuna yana sanyaya rai, sai dai a nan mai kira ne ya samar wa kansa. Idan kuma layin yana faɗin matsayi, ana iya yin ɗan lissafi: wanda ya tashi daga na 30 zuwa na 24 a cikin minti uku, mutum biyu ake sallama a kowane minti, saura masa kamar minti goma sha biyu. Ƙiyasi ne, yana iya ɗan kaucewa, amma ya fi zama cikin duhu.

Akwai kuma tarkon da ya kamata a sani. Idan mutum ya riga ya jira minti ashirin, katsewa tana yi masa wuya, domin yana jin kamar zai zubar da abin da ya tara, sai ya ƙara goma, ya ƙara wasu goma, ya shiga halin gaba kura baya sayaki. Mintunan da suka wuce sun wuce ko an katse ko ba a katse ba, kuma tambayar da ta dace ita ce ko mintunan da ke gaba sun cancanci a bayar. Hanyar kauce wa wannan ita ce a yanke iyaka tun kafin a buga lambar, a ce minti kaza zan bayar, idan sun cika zan katse in sake gwadawa a wani lokaci ko ta wata hanya. Iyakar da mutum ya sa wa kansa tana yin rabin aikin da sanarwar kamfani ya kamata ta yi, domin ta mayar da jiran da ba shi da ƙarshe mai ƙarshe. Kafin a fara kuma a duba caji, a duba ƙarfin sabis a inda ake zaune, a san ko lambar kyauta ce ko ana cirar kuɗi kowane minti, domin jira yana ninka ciwo idan ana jin kuɗi yana zurarewa. A Tarayyar Turai wata doka ta 2011 ta hana 'yan kasuwa cajin abokin ciniki fiye da kuɗin kira na yau da kullum idan ya kira game da abin da ya riga ya saya, amma ba ko'ina ake da irin wannan kariya ba.

Fasaha ta fara ɗauke wa mutane gadin gaba ɗaya. Kamfanoni da yawa yanzu suna ba mai kira zaɓin ya ajiye waya a riƙe masa matsayinsa, a kira shi idan layi ya zo kansa, kuma duk inda aka ba da wannan zaɓi ya fi kyau a karɓa, matuƙar wayar za ta kasance a kusa kuma ba a toshe baƙin lambobi ba. Sai dai a yi hattara, domin 'yan damfara sun san mutum mai jiran kira a shirye yake ya yarda da duk wanda ya kira shi: ma'aikacin gaskiya ba zai nemi lambar sirri ta kati ko lambar da aka turo ta saƙo domin tabbatar da ciniki ba. A ɓangaren wayoyin kansu, kamfanin Google ya fito da Hold for Me a wayoyinsa na Pixel a 2020, inda wayar take sauraron layin a madadin mai ita, ta kaɗa idan ma'aikaci ya ɗauka, sannan Apple ya kawo makamancinsa mai suna Hold Assist a 2025. Ba a kowace ƙasa ko kowane harshe suke aiki ba, amma sun nuna cewa masu ƙera waya ma sun gane inda ciwon yake. Haka nan ba kowace matsala ce take bukatar kira ba. Abin da ya shafi lissafin kuɗi ko ƙorafin da zai iya jan lokaci, sau da yawa rubuta shi ta imel ko ta manhajar kamfanin ya fi, domin yana barin shaida a rubuce.

Ko bayan an ɗauka, tsugune ba ta ƙare ba, domin akwai jira na biyu, wato lokacin da ma'aikacin da kansa zai ce a ɗan dakata masa ya duba. Wannan ya fi sauƙin sarrafawa tunda akwai mutum a ɗaya ɓangaren. Ya dace a tambaye shi kamar minti nawa zai ɗauka, a roƙe shi ya sake kira idan layin ya yanke, kuma idan zai tura kiran wani sashe, a nemi ya fara yi wa abokin aikinsa bayani kafin ya haɗa, domin kada a koma ba da labari daga farko. Sauke fushin jiran a kan ma'aikacin kuwa ba ya amfanar kowa. Ba shi ya yanke yawan ma'aikata ba, shi ma ana auna masa mintunan da yake ɗauka a kowane kira, kuma da ya ajiye wannan wani yana shigowa. Minti biyun da aka ɓata ana faɗa an cire su ne daga lokacin da zai duba matsalar, an kuma ƙara su a kan jiran duk wanda yake baya.

Akwai wani gwaji da masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 da ya shafi wannan gaɓa. An sa mutane su tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60, sannan a wani zagayen suka yi daƙiƙa 60 ɗin tare da ƙarin 30 da aka ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, duk da cewa wahalarsa ta fi yawa, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Tunanin mutum ba ya ƙirga mintuna yadda agogo yake ƙirgawa, ya fi riƙe inda abin ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare. Shi ya sa jiran minti arba'in da ya ƙare da warware matsala ake mantawa da shi kafin dare, amma na minti goma da ya ƙare da yankewar layi ko da alkawarin da ba shi da tabbas yakan zauna a rai kwana da kwanaki. Don haka kafin a ajiye waya, a nemi sunan ma'aikacin da lambar ƙorafin, a maimaita masa abin da aka amince za a yi da ranar da za a yi shi, a rubuta su a ƙasan takardar da aka shirya tun ana sauraron kiɗa. Idan ta kama sai an sake kira, daga wannan lamba za a ɗora.